Man Tsakiyar Teku Namu Ne Duka, Su Wa Suka Yi Barci A Kansa?

Duk lokacin da aka ɗauko zancen man fetur a majalisarmu ta bayan la'asar, sai wani ya ce, "Ai wannan rigimar mutanen Neja Delta ce." Wannan magana tana ƙona mini rai, domin da ita aka daɗe ana yi mana sakiyar da ba ruwa. Man da ake haƙowa can tsakiyar teku ba na wata jiha ba ne. Dokar 2004 ta ja layi: inda zurfin ruwa bai wuce mita 200 ba, jihohin bakin teku suna karɓar kashi 13 cikin ɗari, abin da ya wuce nan kuwa rabonsa na kowa ne, daga asusun tarayya. Ke nan mai sayar da goro a Gusau yana da haƙƙi a rijiyar Bonga daidai da masunci a Bayelsa.

Kuma ba ƙaramar dukiya ba ce. Bonga, wadda Shell ke haƙa kimanin kilomita 120 daga gaɓa, ta fara ba da mai a 2005, kuma jirgin da ke tsotsowa yana tarawa zai iya ɗaukar aikin ganga 225,000 a rana. Agbami ta Chevron ta biyo baya a 2008, Egina ta Total a ƙarshen 2018. Daga waɗannan jirage ake yi wa manyan tankoki lodi su wuce ƙasashen waje, man bai ko taɓa ƙasar Najeriya ba. Talaka ba ya gani, don haka ba ya tambaya.

A 1993 aka ƙulla yarjejeniyar rabon mai da kamfanonin nan, aka kuma tabbatar da ita da dokar soja a 1999. Dokar ta ce duk rijiyar da zurfin ruwanta ya haura mita 1,000, kason da ake ba mai ƙasa tun kafin a yi lissafin riba sifiri ne. Ko sisi. Kamfani zai fara cire kuɗin da ya ce ya kashe, sannan a zo maganar haraji da rabon abin da ya rage. Ni ban ga laifin wannan ba a farkon lamari: a lokacin ganga ba ta kai dala 20 ba, kuma haƙa a irin wannan zurfi kasada ce mai cin biliyoyi. Ai shi ya sa sashe na 16 na dokar ya ce da zarar farashi ya haura dala 20 a sake zama a ƙara wa Najeriya kaso, kuma ko bai haura ba, a sake duba dokar bayan shekara 15 daga 1993.

Farashi ya haura. A watan Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, a shekarar da wa'adin 15 ɗin ya cika cif. Wa ya kira zaman? Obasanjo ya yi shekara takwas ya sauka, marigayi 'Yar'aduwa ya zo, Jonathan ya ga shekarun da ganga ta zauna sama da dala 100, Buhari ya cinye wa'adinsa na farko, doka tana nan yadda soja suka bar ta. Ministocin mai, shugabannin NNPC, kwamitocin majalisa da ke karɓar alawus da sunan sa ido a kan harkar mai, duk ba wanda ya karanta sashe ɗaya tak? Ban yarda mantuwa ce ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda suka tayar da maganar. Jihohin Ribas da Bayelsa da Akwa Ibom ne suka je Kotun Ƙoli, aka yi hukunci a Oktoban 2018 cewa gwamnatin tarayya ta bi sawun kuɗin da Najeriya ta rasa. Gwamnonin Arewa 19, waɗanda kowane wata suke tura kwamishinoni Abuja karɓo kaso, ina suke? Bayan hukuncin ne Abubakar Malami, ministan shari'a na lokacin, ya nemi kamfanonin su biya dala biliyan 62. Suka ce ba su san zancen ba, suka garzaya kotu. Ku auna wannan adadi da asibitin garinku da ba shi da janareto, da ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa.

Sai ranar 4 ga Nuwamban 2019 Buhari ya sa hannu a gyaran dokar, yana Landan, aka mai da kason mai ƙasa kashi 10 cikin ɗari. Ba a cika shekara biyu ba dokar man fetur ta 2021 ta sauke shi zuwa 7.5. A 2024 kuma gwamnatin Tinubu ta ƙara wa masu haƙar zurfin teku rangwamen haraji, Shell ya sanar da sabon aikin Bonga ta Arewa, aka yi ta tafi. Jari abu ne mai kyau, ba na musu. Amma gwamnatin da ta ce wa talaka ba ta da kuɗin tallafin mai, ta fito ta faɗa masa nawa ta yafe wa kamfanoni, da lamba, a fili.

Su kuwa masuntan bakin teku, ko ɓarnar ba a raba su da ita ba. A Disambar 2011 ganga kusan 40,000 ta malala daga Bonga. Hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai ta ci tarar Shell dala biliyan 3.6, kamfanin ya ƙalubalanci tarar. Mutanen da suka kai ƙara Ingila, Kotun Ƙolin can ta ce musu a 2023 sun makara.

Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai, ku kira zama a bainar jama'a, ku gayyato duk wanda ya riƙe ma'aikatar mai da NNPC daga 2003 zuwa 2019, ya yi bayanin dalilin da ya sa bai taɓa sashe na 16 ba. Kai kuma mai karatu, ranar da ɗan majalisarka ya zo gida rabon shinkafa, ka tambaye shi ina aka kwana a kan dala biliyan 62.