Yaron Yerwa Da Takalmin Ƙwallo: A Saya Masa Ko A Hana?

'Yan'uwa mazauna Ikko ba su manta da watan Yuni na 2024 ba, sa'ad da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta lallasa Abia Warriors da ci 2 ba ko ɗaya a filin Onikan, ta ɗauke Kofin Ƙalubale, alhali kuwa a rukuni na biyu ta yi wasa a shekarar. Tun daga ran nan kusan duk yaron da ke buga tamaula a Gwange ko Bulumkutu gani yake shi ma saura ƙiris. To, wa ake bugo wa waya ya aiko da kuɗin takalmi da na mota zuwa gwaji? Ai sai yayan da ke fama a Agege, ko kawun da ke Sabo ta Badun.

Kafin mutum ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya yi ɗan lissafi. Kulob 20 ne kacal a babban rukunin ƙasar nan. Ko da kowannensu ya ɗauki mutum 40, gurbi 800 ke nan, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Sauran 'yan wasa suna rukuni na biyu da na uku, inda albashi bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai a kwashe watanni ba a gan shi ba, don galibin kulob-kulob ɗin a hannun gwamnatocin jihohi suke. Ga doguwar tafiya a mota, daga Yerwa zuwa wani gari a kwana a hanya, gari ya waye a shiga fili. In gwiwa ta goce, sau da yawa gida za a kawo yaro, jinya ta faɗo kan wanda ya sayi takalmin. Ko a Amurka mai arziki, ƙananan 'yan wasan besbol sai a 2022 suka sami ƙungiyar ƙwadago, balle a nan.

Amma fa wannan bai isa a ce a hana yaro ba. An kafa El-Kanemi a 1986, cikin shekara shida ta ci kofin nan sau biyu, a 1991 da 1992. Da fitinar Boko Haram ta tsananta har kulob ɗin ya koma karɓar baƙinsa a Kano da Katsina, ranar da ya dawo gida a 2016 mutanen gari sun san abin da suka samu. Garin da ya ga yadda zaman banza ke jefa samari a hannun miyagu ba zai raina filin da ke tara su kowace yamma ba. Kuma Ahmed Musa daga ƙaramin kulob a Jos ya taso, ya zo Kano Pillars, ya wuce Turai a 2010. Ana dacewa. Sai dai Ahmed Musa nawa ne?

Abin da ya fi shi ne a saya masa takalmin, amma da sharaɗi. A yanka masa wa'adi, shekara biyu ko uku, in babban kulob bai neme shi ba a cikinsu, ya mai da ƙwallo abin motsa jini. Kuma kada ya saki makaranta ko sana'a: atisaye da safe ba ya hana zaman shago a Monday Market da rana, ko ɗinkin hula, ko koyon cinikin banda a tashar Baga, wanda shi ne ma ke ciyar da da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Ɗan ƙwallo da ya kai shekara 30 ya fara tsufa, ɗan kasuwa kuwa lokacin yake farawa.

Wanda ya wajaba a guje wa shi ne dillalin da zai ce a kawo dubban ɗaruruwa ya kai yaro gwaji Turai ko Dubai. Kulob na gaske shi ke biyan ɗan wasa, ba a biyansa. Duk wanda aka ce ya sayar da babur ko fili don wannan, ya nemi takardar gayyata daga kulob ɗin da lasisin dillalin, ya kai ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a duba masa tukuna.