Nakasassun da ba su da sarki

Ƴan uwa, yau magana ce da na daɗe ina haɗiyewa, kuma na gaji.

Ranar 17 ga Maris 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya yi jawabi ya ce za a rufe makarantu duka, daga na ƙananan yara har jami'a. Ranar 19 aka samu mutum na farko mai korona a Yamai. Mu da ke riƙe da ƴar cibiya ta kula da yara masu nakasar ƙwaƙwalwa muka wayi gari muna tambayar juna: wai mu mine ne? In lakwal ce mu, sai mu rufe. In wurin magani ne, sai mu buɗe. Na ɗauki ƙafa na tafi ofishin da ya kamata ya sani. Ma'aikacin da na tarar ya ce, "Malama, ba yara ke taruwa wurinku ba? To ku rufe mana." Na ce masa akwai waɗanda ke karɓar magani a hannunmu, akwai waɗanda in aka kwana biyu ba a miƙar masu da gaɓoɓi ba sai su ƙage. Ya ce, "Wannan kuma ba a faɗa muna ba." Kuma gaskiya ya faɗa, ba a faɗa masu ba. A cikin duk abin da aka karanta a radiyo a makonnin nan, ban ji layi ɗaya da ya ambaci waɗannan yara ba.

Kada wani ya sa ni cikin masu cewa korona ƙaryar Turawa ce. Ciwo ne, ya kashe mutane, har ministan aiki Mohamed Ben Omar ya rasu da shi a farkon watan Mayu na shekarar. Yaranmu ma sun fi kowa zama cikin haɗari. A Ingila, inda suke da kirki wajen ƙidayar matattu, hukumar lafiyarsu ta fitar da rahoto a watan Nuwamba 2020 cewa masu nakasar ƙwaƙwalwa sun mutu da korona fiye da sauran jama'a har kusan ninki shida, in aka daidaita shekaru. Yaro mai tirisomi 21 sau da yawa da ciwon zuciya ake haifarsa, ƙirjinsa kuma ba ya jure mura. Saboda haka ban ce a bar su su cunkusu cikin ɗaki ɗaya ba. Abin da nake faɗa shi ne, wanda ya rufe ƙofa, wajibinsa ne ya san wa ya kulle a ciki, ya kuma san mi zai ci.

Bari in gaya wa wanda bai sani ba abin da ake yi a irin wurinmu, don mutane da yawa sun ɗauka raino ne kawai muke yi. Yaron da ya daɗe a hanya wurin haihuwa har numfashi ya yanke masa, ko wanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, abin da ɗan wani ke koya cikin wata ɗaya shi sai ya yi shekara. Riƙe cokali, haɗiyar koko ba tare da ya ƙware ba, faɗin cewa zai zaga, tsayawa a bakin titi har babur ya wuce. Kullum ake maimaitawa, da hannu ɗaya, da murya ɗaya, a lokaci ɗaya. Akwai wani yaro mai otizim da muka yi kusan shekara biyu da shi kafin ya yarda ya zauna kan tabarma tare da wasu. Shi duniyarsa a jere take: a tashe shi, a yi masa wanka, kabu-kabun da ya sani ya zo, ya tarar da malamarsa a bakin ƙofa. Ranar da kabu-kabu bai zo ba, ba ya da hanyar da zai gane dalili. Ya tsaya a zaure da jakarsa har rana ta take. Washegari haka. A mako na biyu ya fara buga kansa da bango. Uwarsa, mai tuyar ƙosai, ta kira ni tana kuka: "Malama, ko in tsare shi ko in nemo abin da za mu ci, biyu ba su yiwuwa." Ta kulle shi a ɗaki ta fita. A watan Afrilu ke nan, ɗakin kwano, zafin da kun sani. Wanda zai zage ta ya fara gaya mani abin da shi zai yi a matsayinta.

Sai maganar magani, wadda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Da yawa cikin yaran nan suna da farfaɗiya, kuma Gardénal ko makamancinsa ke riƙe da su. Wannan ba maganin ciwon kai ba ne da za a ce a yi haƙuri sai gobe. Duk likita ya san in aka yanke shi farat ɗaya, faɗuwar na iya dawowa fiye da da, ta jera ba ta saki, har ta kashe. Kuma yaron da ya faɗi kusa da murhu, kun san sauran. To a ƙarshen Maris aka killace Yamai, ba shiga ba fita, aka sa dokar hana fitar dare. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa, ƴan kaɗan ɗin da muke da su, galibinsu can suke. Iyakar Najeriya kuwa a rufe take tun watan Agusta 2019, ita da mutanen Maraɗi da Damagaram suka saba bi zuwa Katsina da Kano neman magani. Gabas a toshe, yamma a toshe. Uba ya zo da tsohuwar takardar magani, a ce masa sai da sabuwa. Wanda zai rubuta sabuwar yana bayan shingen jandarma. Mi zai hana a ce, tun ranar farko, duk mai irin wannan ciwo a ba shi na wata uku a hannu? Ba kuɗi ba ne ya hana. Ba a tuna ba ne.

Ku tuna saƙonnin da aka yi ta watsawa. A bar tazarar mita ɗaya. To yarinyar da ake ba abinci a baki, ake ɗauka a kai ta makewayi, wace mita ɗaya? A rufe baki da hanci. Yaron da ko hula ba ya yarda a sa masa, wanda kuma sai ya kalli bakin malamarsa yake gane magana? Sai a watan Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito fili suka ce kada a tilasta wa yara masu irin wannan lalura sa takunkumi, amma kafin nan an sha korar iyaye mata daga bakin ƙofa saboda yaro ya fizge ƙyallen. Aka kuma yi ta maganar karatu ta radiyo da waya. Madalla. Sai dai ba a miƙar da ƙafar da ta sandare ta WhatsApp.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa a kullum su ne na ƙarshe, kuma ga abin da na gano. A garuruwanmu makafi suna da sarki. Guragu suna da sarki, kutare suna da sarki. Kurame suna da ƙungiyarsu da yarensu na hannu. In an zo rabon shinkafa ko sabuni da sunan nakasassu, an san gidan da za a je a karɓo sunaye, kuma in aka tsallake su za su yi gayya su tafi har ƙofar magajin gari. Allah Ya ƙara masu ƙarfi, haƙƙinsu ne, da gumi suka same shi. Amma mai nakasar ƙwaƙwalwa wa ye sarkinsa? Ba ya zuwa taro, ba ya riƙe makirfo, ba ya kaɗa ƙuri'ar da ɗan siyasa zai ji tsoro. Bakinsa uwarsa ce, ita kuma tana gida a tsare da shi, ga kunyar da muka ɗora mata. Mu ne ke ce masa dolo, mu ce gaɓo, mu ce ɗan ruwa ne aljanu suka musanya. Mu ne ke ce wa uwar ta ɓoye shi in baƙi sun zo neman auren yayarsa. Ƙidayar 2012 ta ce nakasassu kashi 4.2 cikin ɗari ne na ƴan ƙasa, mutum dubu ɗari bakwai da ƴan kai, alhali ƙiyasin duniya ya kai wajen kashi 15. Ina sauran suka shiga? Wasunsu suna ƙuryar ɗaki lokacin da mai ƙidaya ya yi sallama. Wanda ba a ƙirga ba ranar lafiya, ba ranar annoba za a tuna da shi ba.

Su kuma abokan tafiyarmu masu ba da tallafi, ba zan raga masu ba. Wata ƙungiya da ke taimaka muna da albashin malamai ta aiko da saƙo cewa kuɗin bana an juya su zuwa yaƙi da korona. Bayan kwanaki kat-kat ta tsaya a ƙofarmu, aka sauke bokitai masu famfo da katan na sabuni, aka jera mu aka ɗauki hoto a gaban cibiyar da ba yaro ko ɗaya a cikinta. Na ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, da kun bar muna ko rabin kuɗin mu sa mai a babur mu bi yaran gida-gida." Ya ce ba ya cikin layin kasafi. Bokitan suna nan. Malamai biyu da muka yi shekaru muna horarwa, su ba su nan: ɗaya ta koma sayar da atamfa, ɗaya ya tafi ci-rani. Ba na ganin laifinsu, da iyali gare su. Amma mutumin da ya san yadda ake kwantar da yaro mai faɗuwa a kan gefensa, ya san ba a cusa masa cokali a baki, ba a kasuwa ake sayo shi ba.

Na san amsar da za a ba ni: ƙasa ce matalauciya, annoba ce ta zo ba shiri, kowa ya ji jiki. To mu duba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, kuma sashe na 11 na yarjejeniyar a kan lokacin haɗari da bala'i yake magana kai tsaye. A watan Disamba 2019, wata uku kacal kafin cutar ta shigo, aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da nakasassu cikin al'umma. Tawadar ba ta gama bushewa ba. A watan Maris 2020 ɗin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda musamman kan nakasassu da korona, tana cewa a tanadi yadda hidimarsu ba za ta yanke ba. Kuma gwamnatin da ta iya tunawa ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu, ba za a ce ba ta iya tunani dalla-dalla ba. Abin da muke buƙata bai kai wannan tsada ba: takardar izinin zirga-zirga ga ma'aikacin da ke bin gidaje, kamar yadda aka ba ma'aikatan lafiya, izinin karɓar yaro ɗaya ko biyu a tsakar gida, a ƙarƙashin bishiya, bi da bi, sunayen gidajen nan a cikin jerin masu karɓar abinci. Talauci ba ya hana rubuta layi uku.

Mu ma masu cibiyoyi muna da namu kashi, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Rabin iyayen ba mu da lambar wayarsu. Mun riƙe sanin aikin a hannunmu, ba mu koya wa uwaye da yayye yadda ake tausa da miƙar da gaɓoɓi ba, kamar muna tsoron in sun iya za su daina zuwa. Ranar da aka raba mu da yaran sai ga shi ba mu bar komi a gidajen ba. Kuma mun yi shiru. Lokacin da aka rufe masallatai gari ya ɗauki zafi, har aka yi ƙone-ƙone a Mirya da wasu unguwannin Yamai, kuma a tsakiyar Mayu aka buɗe su. Ba ina yabon ƙona taya ba ne, Allah Ya kiyaye. Amma mu ko wasiƙa ɗaya ta haɗin gwiwa ba mu rubuta ba. Kowa ya zauna yana jiran a tuna da shi.

Da aka koma makaranta ranar 1 ga Yuni, ba duka suka dawo ba. Wasu an kai su ƙauye wurin kaka, daga nan shiru. Wata yarinya da ta fara takawa da ƙarfen tafiya, a goye aka kawo ta, gwiwoyinta sun naɗe. Waɗanda suka dawo, da yawansu daga farko muka sake.

In da a ce korona ce ta farko kuma ta ƙarshe, da na bar maganar. Amma mu ƴan ƙasar sanƙarau ne, mun ga na 2015. Kwalara ta zo a 2021 ta bi Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mashaƙo ya ɓulla a Matamaye a 2023. Wata na tafe, kuma ranar da ta zo, za a sake kafa kwamiti a kowace jiha, a zauna da gwamna da likitoci da sarakuna da malamai. Ina so in san kujerar wa za a ajiye wa uwar yaron nan mai tuyar ƙosai. Ina so duk mai riƙe da irin wannan cibiya, a Yamai yake ko a Tasawa ko a Ƙonni, mu haɗa sunayen yaranmu, unguwarsu, da maganin da kowane ke sha, mu kai wa magajin garinmu da babban likitan gundumarmu tun yanzu, mu ce a rubuta a tsarin ko-ta-kwana cewa aikinmu na dole ne, ba a rufe shi sai da madadi. In sun karɓa, su buga hatimi su ba mu kofi. In sun ƙi, mu dawo nan mu faɗa, da rana da wata.

Yaron da ke tsayawa a zaure da jakarsa ya girma, har gemu ya fara fito masa. Ya koma zama kan tabarma da sauran, amma in kabu-kabu ya yi jinkirin minti goma, sai an riƙe masa hannuwa.