Korona Ta Lafa, Tarin Fuka Na Nan

Mai karatu, ka tuna shekarar 2020? Idan ka nufi asibiti a Yola ko Jimeta, tun daga bakin ƙofa za a tare ka da na'urar auna zafin jiki, a tambaye ka ko kana tari. Yau korona ta lafa, an kwashe bokitin wanke hannu, an daina tambaya. Alhali kuwa tarin fuka, wanda ya daɗe da riga korona zuwa, yana nan yana cin jama'a a ɓoye.

Wani maƙwabcinmu ya yi wata uku yana tari, yana zufa da dare, yana ramewa. Daga kemis zuwa kemis, yau maganin zazzaɓin cizon sauro, gobe na taifot. Sau biyu ya je asibiti, babu wanda ya nemi majinarsa. Kafin a gano cutar, ƙaramar 'yarsa ta kamu. Masana sun ce mai cutar da ba ya shan magani yana iya harbin mutum har 15 a shekara.

Abin sha'awa shi ne, a 2020 yawan masu cutar da aka gano a duniya ya faɗo daga miliyan 7.1 zuwa miliyan 5.8, amma a Nijeriya ƙaruwa ya yi: daga kimanin 120,000 a 2019 zuwa sama da 200,000 a 2021. Dalili kuwa, an fita neman masu cutar ne, ba a zauna jiran su ba. Wannan ya nuna mana cewa idan aka nema, za a samu.

A nawa ra'ayin, tambayar da aka yi mana saboda korona, a dawo da ita saboda tarin fuka. Duk wanda ya zo yankar kati a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko ƙaramin asibitin unguwa, a tambaye shi: “Malam, tarin nan ya kai mako biyu?” In ya kai, a karɓi majinarsa a ranar. Na'urar GeneXpert tana ba da sakamako cikin kamar awa biyu. A rubuta sunansa, a bi shi har gida a duba iyalansa. Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu makiyaya da 'yan gudun hijira, waɗanda asibiti ya yi wa nisa.

Mu ɗalibai ma da namu aikin. Mu gaya wa iyayenmu cewa wannan cuta ba sammu ba ce, ba kuma abin kunya ba ce. Maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi, kuma ana warkewa sarai. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.