Araha Ba Ta Ado a Ɗakin Gwajin Barci

A Amurka, wanda ake zargin numfashinsa na ɗaukewa cikin barci yakan kwana a ɗakin gwaji, wayoyi manne a kansa da ƙirjinsa. Washegari ƙwararren ma'aikaci zai bi bayanan daki-daki, yana yanke hukunci kan kowace daƙiƙa 30; barcin sa'a 8 gaɓa 960 ke nan. Daga nan ake fitar da yawan tsayawa ko raunin numfashi a sa'a guda: daga 5 cutar mai sauƙi ce, daga 15 matsakaiciya, daga 30 mai tsanani. Wannan adadi ne inshora ke dubawa kafin ta biya kuɗin na'urar CPAP.

Asibitoci da dama sun miƙa wannan karatu ga kamfanonin kwangila, ana biya gwargwadon yawan fayil. A nan gizo ke saƙar. Wanda abincinsa ya rataya ga sauri ba zai tsaya tantance gaɓar da ta rikice ba. Binciken ƙungiyar likitocin barci ta AASM na 2013 ya nuna ko ƙwararru sukan dace kan matakan barci da kusan kashi 83 cikin 100 kacal. Ga kuma ma'auni iri biyu: faɗuwar oksijin da kashi 3, ko kashi 4 da Medicare ke bi. Majiyyaci guda na iya fita da sakamako biyu.

Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, amma ba ya sauke alhaki daga wuyan asibiti. Wajibi ne rahoto ya bayyana wanda ya karanta da ma'aunin da ya bi, a riƙa gwada aikinsa da na wani gwani, likita kuma ya duba ainihin bayanan kafin ya sa hannu.