Kada a Sayi Kan Jirgin Ƙasa Don Gasa Kaza Biyu

Duk wanda ya taɓa raba dare yana kallon bidiyon masu gashin Teksas a YouTube ya san yadda abin ke kama zuciya. Ana ɗaga murfin wani baƙin ƙarfe mai kama da kan jirgin ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, a fito da naman ƙirjin sa wanda ya kwana a wuta, bayansa baƙi wuluk, cikinsa yana rawa don laushi. A ɗora wuƙa, romo ya biyo ta. Kafin gari ya waye, injiniyan da ke Abuja ko likitar da ke Houston sun shiga neman farashin murhu. A daidai wannan gaɓa ake yi musu sakiyar da ba ruwa.

Masu tallar kaya da masu bidiyon da ke cin lada a kan kowane ciniki suna tura sabon shiga zuwa ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ya sayi kwaikwayon murhun Teksas mai araha, ko kuma ya sayi na'ura mai aiki da lantarki wadda aka yi masa alkawarin za ta ɗauke masa wahalar wuta baki ɗaya. Duka biyun kuskure ne ga mai farawa. Murhun farko makaranta ne, kuma darasin da ake koya a cikinsa guda ɗaya ne tak: yadda ake riƙe wuta.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfi

Gashin da Amurkawa ke kira babikiyu ya sha bamban da tsire da balangu. Mai tsire yana jera nama kusa da garwashi, cikin mintuna ya gama. Babikiyu ya fi kusa da banda, domin nama yana nesa da wuta, zafi da hayaƙi ne ke ratsa shi. Sai dai banda ana yin ta don nama ya bushe ya daɗe, shi kuwa wannan ana yin sa don nama mai tauri ya yi laushi a ci nan take.

Ana riƙe zafin murhu tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Selshiyos. Naman ƙirji da na kafaɗa cike suke da jijiya da tantani, wato kolajin, wanda ke narkewa sannu a hankali ya zama irin danƙon da ke sa farfesun ƙafar sa ya daskare idan ya huce. Ƙirjin sa ba ya kai wa wannan matsayi sai zafin cikinsa ya kusa digiri 95, abin da kan ci awa 10 zuwa 16. A tsakiyar tafiya, wajen digiri 65 zuwa 75, zafin naman yakan tsaya cik na awoyi, saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A nan sabon shiga ke ruɗewa ya tula itace, ya ƙone abin da ya kashe wa kuɗi.

Saboda haka aikin murhu shi ne ya riƙe zafi ɗaya na tsawon yini. Abin da ke sarrafa zafi kuwa iska ce. Idan aka buɗe ƙofar iska ta ƙasa wuta ta tashi, idan aka rage ta wuta ta lafa. Wutar da ke samun isasshiyar iska tana ba da siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi, wanda ke sa wa nama ƙamshi. Wadda aka shaƙe tana ba da farin hayaƙi mai kauri, wanda ke sa nama ɗaci. Wanda ya gane waɗannan ya gane sana'ar. Duk murhun da ke hana a gane su bai cancanci zama na farko ba.

Tarko na farko: kwaikwayon Teksas

Murhun da ake gani a bidiyo yana da ɗakin wuta a gefe, da doguwar ganga inda nama ke kwanciya, da bututun hayaƙi a ɗaya ƙarshen. Aaron Franklin, wanda ya fara sayar da gashi a wata ƙaramar tirela a Austin a 2009 har ya ci lambar James Beard a 2015, da irinsa ya yi suna. Amma manyan murahun gidan abincinsa daga tankunan gas masu cin galan 1,000 aka yanko su. Ko ƙananan da ake yi wa gidaje, nagartattun cikinsu kaurin ƙarfensu yakan kai milimita 6. Wannan nauyi shi ne sirrin: ƙarfe mai kauri yana shan zafi ya riƙe, don haka ko an buɗe murfi ko iska ta kaɗa, zafi ba ya faɗuwa warwas.

Wanda ake sayarwa da araha a manyan kantuna siffar kawai ya ara. Ƙarfensa bai fi na kwanon rufi kauri da yawa ba, murfinsa ba ya haɗuwa, hayaƙi na tsiyaya ta kowace kafa. Gefen da ke maƙwabtaka da wuta yana ƙona nama yayin da ɗaya gefen ke ɗumama shi kawai. Tun da iska na shiga ta inda ba a buɗe mata ba, ƙofofin iskar sun zama ado. Mai shi zai rage iska wuta ta ƙi lafawa, ya ƙara ta wuta ta ƙi tashi, ya kasa gane ko shi ne ya yi kuskure ko ƙarfen. Malamin da amsarsa ke canzawa kullum ba ya yaye ɗalibi.

Masu kare wannan murhu sukan ce ai shi ma Franklin da mai arahar ya fara. Gaskiya ne. Amma mutum ne da ya mayar da gashi sana'ar rayuwarsa, ya jure ɓata nama har ya iya. Ma'aikacin da ke da Asabar ɗaya a mako, idan ya ɓata nama sau uku a jere a gaban iyali da baƙi, sai ya tura murhun bayan gida ya zama matattarar tsatsa. Araha ba ta ado, a nan kuwa ko araha ba ta yi ba, domin kuɗin naman da aka lalatar ya isa sayen abin kirki.

Tarko na biyu: murhun da ke tunani a madadin mai shi

Joe Traeger na jihar Oregon ne ya ƙirƙiro murhu mai cin ƙwayoyin garin katako da aka matse, ya yi masa rajistar mallakar fasaha a 1986. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2006, kamfanoni suka yi caa a kan kasuwar, talla ta yawaita. Tsarinsa abin sha'awa ne. Ana zuba ƙwayoyin a wani akwati, wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin markaɗe yana tura su zuwa ƙaramin kaskon wuta, fanka na hura su, ƙaramar kwamfuta na ƙayyade yawan abin da za a tura. Mutum ya danna lamba, ya tafi ya kwanta. Wasu ma ta wayar hannu ake ba su umarni.

A yi masa adalci: yana aiki, kuma ga wanda lafiyarsa ko hidimar gida ba za ta bar shi ya tsaya kan wuta ba, alheri ne. Amma yana da sharuɗɗa uku da mai talla ke ambata da ƙaramar murya. Ba ya motsi sai da lantarki daga farko har ƙarshe, don haka a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, awa 12 na gashi na nufin awa 12 na janareta ko batir. Ba ya cin gawayi ko itace, sai ƙwayoyinsa, waɗanda suke cike da kantuna a Amurka amma a Kano ko Yamai sai dai a yi odarsu, kuma da sun sha damshi sai su kumbura su toshe injin. Sannan saboda yana ƙone makamashinsa ƙurmus, ƙamshin hayaƙinsa ya fi na itace rauni, alhali hayaƙin ne ya sa aka fito tsakar gida maimakon a kunna obin a kicin.

Babban aibinsa ga mai farawa shi ne bayan shekara biyar yana amfani da shi, bai san wuta fiye da ranar da ya saye shi ba. Ranar da ƙaramar kwamfutar ta lalace, ilminsa ya lalace tare da ita.

Akwai kuma murhun yumɓu mai siffar ƙwai, wanda asalinsa tukunyar kamado ce ta Japan, kamfanin Big Green Egg na Atlanta ya yayata shi tun 1974. Yana riƙe zafi ƙwarai, yana tattalin gawayi. Amma yana da tsada da nauyi, yana fashewa idan ya faɗi, kuma idan zafinsa ya zarce yakan daɗe bai sauko ba. Murhu ne na biyu, ga wanda ya riga ya tabbatar abin ya shiga ransa.

Abin da ya kamata a saya

Murhun gawayi mai murfin da ke rufuwa ruf, da ƙofar iska a ƙasa da wata a sama. Iri uku ne suka cika wannan sharaɗi ba tare da sun tatike aljihu ba.

Na farko shi ne mai kama da ƙwarya biyu da aka kife, wanda George Stephen ya ƙera a 1952 a masana'antar Weber da ke Shikago, ta hanyar raba ƙwallon ƙarfen da ke shawagi a ruwa don yi wa jiragen ruwa alama. Mai faɗin santimita 57 ya wadatar. Ana jera gawayi a gefen cikinsa kamar maciji, a ɗora 'yan guntayen itace a kai, a kunna ƙarshe ɗaya, wuta ta riƙa bin layi na awoyi. Ranar da ba a son dogon gashi kuma, a baza garwashi a gasa tsire. Murhun da ake kunnawa kowane mako ya fi wanda ake jiran biki kafin a taɓa shi.

Na biyu shi ne dogo mai siffar harsashi, irin Smokey Mountain da Weber ta fitar a 1981: gawayi a ƙasa, kwanon ruwa a tsakiya, nama a sama. Tun da ruwa ba ya wuce digiri 100, kwanon yana shanye rarar zafi, yana yafe wa mai koyo ƙananan kurakurai.

Na uku shi ne duro mai cin lita 200, da kwandon gawayi a gindinsa, da ƙananan kafofin iska masu murfi, da ragar ƙarfe a sama. Amurkawa da kansu suke haɗa shi a gareji, kuma duk mai walda a Panteka ta Kaduna zai iya ƙera shi. Sharaɗin da ba sassauci a kansa shi ne a san abin da duron ya taɓa ɗauka. Wanda ya ɗauki sinadari ko maganin ƙwari ba a kusantarsa, ƙarfen da aka shafa wa tutiya ma haka, sauran kuwa a babbake fentinsu tas kafin nama ya shiga.

Ragowar kuɗin a sayi ma'aunin zafi mai allura biyu, ɗaya a cikin nama, ɗaya a kan raga. Wanda ke manne a murfi zafin murfi yake faɗa, nama kuwa ba a can yake kwance ba.

Itace ma a zaɓa. Mutanen tsakiyar Teksas da itacen oak suke gashi, na yammacinta da meskit, wanda ɗan'uwan ƙirya ne. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: busasshen itace mai ƙarfi. Katako mai fenti, da filawud, da leda ko kananzir wajen kunna gawayi, duk guba ne ake turara wa nama. Baƙin hayaƙi da kitsen da ke ɗiga a garwashi suna haifar da sinadaran da aka tabbatar wasunsu na jawo ciwon daji, dalilin da ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito wa masu bandar kifi da sabon murhu a Senegal. Kuma ba a kunna gawayi a cikin ɗaki ko rufaffen gareji, domin iskarsa tana kisa ba tare da wari ba.

Kada a fara da ƙirjin sa. A fara da cinyoyin kaza, a sauke su idan cikinsu ya kai digiri 74. Daga nan a koma haƙarƙari, sannan kafaɗar rago, wadda mutanen Owensboro a jihar Kentaki suka yi suna da gasa irinta. Ragon layya ba abin gwajin ranar farko ba ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

Wuta ta riga ƙarfe

Masu sayar da kaya ba sa son a tuna cewa wannan gashi ya girmi kayan aikinsa da ɗaruruwan shekaru. Kalmar kanta daga barbakowa ta samo asali, sunan da Sifaniyawa suka ji a bakin mutanen Taino na tsibiran Karibiyan, wanda ke nufin ragar sanduna da ake kafawa a bisa wuta. A kudancin Amurka, bayi baƙar fata ne suka riƙa kwana a bakin ramuka suna juya nama, daga hannunsu ilmin ya gangaro. Henry Perry, wanda ake kira uban gashin Kansas City, ya fara sayar da namansa a wani lungu a farkon ƙarni na 20, yana naɗe shi a takardar jarida. Mahautan Jamusawa da na Cek a garuruwa irin su Lockhart da bulo suka gina ramukansu, don kada naman da ya yi kwantai ya lalace. Babu ɗayansu da ya mallaki fanka ko kwamfuta. Abin da suka mallaka ido ne da ke karanta launin hayaƙi, da hannu da ya san lokacin ƙara itace.

Irin wannan ilmi bai yi nisa da Bahaushe ba. Yana nan wurin mai balangun bakin titi, wanda ke miƙa tafin hannu bisa garwashi ya san ko ya yi. Mai sabon murhu zai fi ƙaruwa da zaman awa ɗaya kusa da shi fiye da kallon bidiyon talla ashirin. Idan shekara ta zagayo, ya gasa kaji da haƙarƙari har ya daina leƙa murfi kowane minti goma, to a lokacin ya san abin da murhunsa ya gaza yi masa, kuma zai shiga kasuwa da idonsa a buɗe.