Kowa Na Son Kallon Dambe, To Ɗan Wa Zai Koya?

Yau kam a yi mini haƙuri da ci gaban labari, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya san ƙasar nan tamu, daga Bebeji zuwa Kiru, a bi ta Kwanar Ɗangora har Tudun Wada da Doguwa, ya san in kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, aka ji kalangu ya tashi, to fili ba masaka tsinke. Amma bari wani tsohon ɗan dambe ya share fage ya ce a kawo yara ya koya musu. Makon farko a cika, kafin wata ya zagayo daga shi sai inuwarsa. Sai ka ji ana cewa wai yaran yanzu ragwaye ne. Ni dai na ce ƙarya ne! Yaron da ke wuni a gonar rake, ko yana jan koma a dam ɗin Tiga, shi ne rago?

Laifin farko namu ne iyaye. Mu biya kuɗin ƙofa mu yi ihu in an yi kisa a turmin farko, mu kunna waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago har tsigar jikinmu ta tashi, amma ɗanmu ya ce zai ɗaura kara sai mu ce, "Gidanmu ba mahauta ba ne." In ɗan dambe ya zo neman aure kuwa, sai a shiga 'yan kame-kame. Muna son romo, muna ƙyamar mai yanka.

Masu koyarwar ma ba su tsira ba. Malam, ka sa horo da la'asar, lokacin da yaro ke Islamiyya, ko tsakiyar damina ana noman farko, wa zai zo maka? Magidanta kuma rani na yi sun tafi cin rani. Sannan wace uwa ce za ta miƙa ɗanta fagen da ba mai duba rauni, ba a haɗa yaro da sa'ansa a nauyi, ga layu, ga hayaƙin wiwi a bayan fage? Tsoronta gaskiya ne. Ka tsarkake fagenka, ka je gida-gida ka gaida iyaye, ka nemi liman da mai unguwa, ka ga in ba a cika ba.

Sai shugabanni. Ba su san waɗannan ƙartin ba sai zaɓe ya ƙarato ana neman 'yan jagaliya. Ƙarfin samartaka ruwa ne, in ba a yi masa hanya ba shi zai yi wa kansa. Kowa ya ga yadda kodin ya ci matasanmu har gwamnati ta hana shi a 2018. Nijeriya ta fara cin lambar Olamfik ne da damben zamani, hannun Nojim Maiyegun a 1964, kuma rabonta da lamba a dambe tun ta Duncan Dokiwari a 1996. Ga shi tun 2017 tashar Dambe Warriors ke nuna wa duniya dambenmu a YouTube, ana kallon Kudu da Jamus da Guramada a Ingila da Amurka. Wasu na cin abinci da gadonmu, mu muna jin kunyarsa.

Nawa ne kuɗin rumfa, da safar hannu, da ma'aikacin lafiya ɗaya, da ɗan alawus ga mai koyarwa a kowace ƙaramar hukuma? Bai kai na walimar rantsarwa ba.

Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.