Superman ya wuce lamba ta dubu, namu jarumin ko ta ɗaya bai samu ba

Tun 1938 ake buga Action Comics a Amurka, mujallar zanen da Superman ya fara bayyana a cikinta. Samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙago shi, suka sayar wa kamfani a kan dalar Amurka 130 kacal, cinikin da suka yi ta cizon yatsa a kansa har tsufa. Marubuta sun zo sun wuce, masu zane sun mutu, shi kansa jarumin an kashe shi a 1992 aka sake tado shi. A 2018 mujallar ta kai lamba ta 1000.

Ni ƙarfin Superman bai dame ni ba. Abin da nake so malamai da iyaye mu duba shi ne yadda kaka ya karanta, ɗa ya karanta, jika ma ya tarar ana bugawa, saboda masu karatu suna cire kuɗinsu suna saye.

To mu dawo gida. Manyanmu da suka yi lakwal a Damagaram ko Magarya za su tuna da Kouakou, wadda aka fara a 1966. A Faris ake shirya ta, da tallafin gwamnatin Faransa, ana rarraba ta ƙasashen da Faransa ta raina. Ta yi shekara talatin da ƴan kai, yara da yawa a jikinta bakinsu ya buɗe da Faransanci. Amma a 1998 ta tsaya, kuma babu wanda ya ɗauke ta a nan, don dama kayan aro ne. A ƙetaren iyaka, Najeriya ta yi nata jarumin, Powerman, a 1975. Mai tashi sama ne, babu abin da ke kayar da shi sai sarar maciji (wannan kam ko manomin Sassumbrum zai ce an yi gaskiya). Sai dai Turawan Ingila ne suka rubuta suka zana, cikinsu har da Dave Gibbons da ya yi suna daga baya, kuma cikin shekara biyu labarin ya mutu. Duka biyun babu mai jin Hausa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: zane wasa ne, yaro ya riƙe littafin darasi. Ina roƙonsu su leƙa aji su ga yara nawa ke kai ƙarshen firamare suna haɗa baƙi da ƙyar. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. An ba shi karatu ne cikin harshen da ba ya ji, ba kuma abin da ke jan ransa ya juya shafi. Hoto yana riƙe hannunsa har ya gane kalmar, son jin yadda za a ƙare kuma ya sa shi neman fitowa ta gaba ba tare da bulala ba.

Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Amma me yaron zai karanta da ita in an tashi lakwal? Jarumai ba su ne matsalarmu ba. Ga Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta, Med Hondo ya mai da shi fim. Ga Sarkin Damagaram Tanimun da ganuwarsa da igwoginsa. Ga Gizo, wanda ya fi su duka dabara.

Shawarata ƙarama ce. Shafi takwas, baƙi da fari, sau ɗaya a wata. Malami ɗaya ya rubuta, yaron nan da muke yi wa faɗa don yana cika bayan littafinsa da zane shi ya zana, a kai Magarya a buga a injin kwafi. Kada a jira wata ƙungiyar waje, mun ga ƙarshen Kouakou. Kwamitin iyayen yara ya sa kuɗin takardar watan farko, daga nan kowane gida ya saya, ko da kuɗin ƙosan safe ne. A rubuta lamba a bangon kowace fitowa, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin darakta, kuma kafin a saki ta ɗaya a tabbata ta biyu da ta uku suna hannu.